Yadda Ake Zirga-zirga a Siri Lanka da Jirgin Ƙasa, Bas da Tuk-tuk

Siri Lanka ba ta da girma, amma hanyoyinta na cin lokaci. Tsakanin Kolombo da Kandi bai wuce kilomita 120 ba, duk da haka mota kan yi awa uku zuwa huɗu saboda cunkoso da kwane-kwanen tsauni. Don haka da awa za ka lissafa tafiyarka, kada kusancin garuruwa a taswira ya ruɗe ka.

Ka fara shiri tun daga filin jirgin sama na Bandaranaike da ke Katunayake, kimanin kilomita 30 arewa da Kolombo. Sayi layin waya na Dialog ko Mobitel, ka canza kuɗi zuwa rufi, ka nemi ƙananan takardun 100 da 500, domin kwandastoci ba sa son manyan kuɗi. Sauke manhajar kiran mota ta PickMe ko Uber a wayarka. In kayanka ba su da yawa, bas mai lamba 187 zai kai ka cikin birni da araha.

Tafiya mai nisa, musamman zuwa yankin tsaunuka, jirgin ƙasa ya fi. Babbar tashar ita ce Kolombo Fot. Tikiti iri biyu ne. Akwai na kujera mai lamba, wanda ake fara sayarwa kwana 30 kafin ranar tafiya, a tasha ko ta intanet da lambar fasfo. Na layin Kandi zuwa Ella kan ƙare da wuri, saboda 'yan yawon buɗe ido sun yi masa caa. Akwai kuma na gama-gari, aji na biyu da na uku, wanda ake saya ranar tafiya. Wannan ba ya ƙarewa, sai dai babu tabbacin wurin zama, kuma tsayuwar awa shida ko bakwai daga Kandi zuwa Ella ba wasa ba ce. Dabarar ita ce ka hau a tashar da jirgin ke tasowa, ka isa da wuri. Aji na ɗaya mai na'urar sanyaya wuri tagoginsa a rufe suke, wanda ke son kallon gonakin shayi gara ya ɗauki na biyu. Mai zuwa Nuwara Eliya a Nanu Oya yake sauka, jirgi ba ya shiga garin. Ka adana tikitinka, ana karɓarsa a ƙofar fita. Lokacin ruwan sama kuma ka tambaya a tasha kafin ka fito, zaftarewar ƙasa kan datse layin tsaunuka.

Bas ya fi komai yawa da arha. Jajayen na gwamnati ne, sauran na 'yan kasuwa, kuma waɗannan sun fi gudu don rige-rigen fasinja. Ka riƙe lambar hanya: 1 ta Kandi ce, 2 ta Gol da Matara. Kwandasta ne zai zo ya karɓi kuɗi. Kujerun da ke bayan direba na malaman addini ne, in limamin Buda ya shigo a tashi a ba shi. Mai sauri zuwa kudu ya je tashar Makumbura a Kotawa, a gefen Kolombo, ya hau bas ɗin babbar hanya, wanda ke isa Gol cikin kusan awa ɗaya da rabi.

Cikin gari sai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu. A Kolombo ka tare mai mita, ka tabbatar ya kunna kafin ya tashi. A ƙananan garuruwa mita ta yi ƙaranci, sai ku yi ciniki tukuna ka hau, ko ka duba farashin manhaja ka san inda za ka taya. Doka ta hana shi hawa manyan hanyoyin biyan kuɗi.

Tuƙi da kanka yana yiwuwa, amma a hannun hagu ake tuƙi, kuma lasin na ƙasa da ƙasa shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da izinin cikin gida. Shi ya sa iyali ko masu kaya suka fi ɗaukar mota da direba. Ku yi magana tun farko kan kilomita nawa ne a yini, da wanda zai biya mai, kuɗin hanya da makwancin direba.

Ranakun Poya, wato hutun cikar wata, da Sabuwar Shekarar ƙabilun Sinhala da Tamil a 13 da 14 ga Afrilu, motoci da jirage kan cika maƙil da masu komawa gida. In tafiyarka ta faɗa cikinsu, ka kama kujera tun da wuri ko ka sauya rana.