Yadda tela zai ce "na rufe" a watan azumi

Duk telan da ka ga ya kashe waya ranar jajiberin Sallah, ya ce wa yaransa kowa ya zo a ce ya tafi Kantin Kwari sayo zare, to matsalarsa ta faro ne tun farkon azumi, ranar da aka miƙo masa leda ya ji nauyin cewa a'a. Ni ɗinkin maza nake yi a Kano, ga kuma yadda nake bi da lamarin.

Ka fara sanin ƙarfinka a rubuce. Ɗauki littafi ka ƙirga kwanakin da suka rage, ka cire rabin yinin kowace Juma'a, ka bar gurbin ɗauke wuta. Kar ka manta a goman ƙarshe ana tahajjud, yaran shago da barci a ido suke zuwa. Kuma babbar riga ba ɗaya take da kaftani ba, sai ta je wurin mai aiki ta dawo, ta je mabuga, kowannensu da nasa layin. Abin da lissafi ya ba ka, shi ne adadinka. Ranar da ya cika ka rubuta a kwali ka manna a ƙofa: "Mun rufe karɓar ɗinkin Sallah." Kwalin nan yana ɗauke maka rabin magana.

Abin da ya fi komai muhimmanci: kada ledar ta shiga hannunka. Mutum zai ce, "Ajiye kawai, in ka samu sarari." Da zarar shaddar nan ta kwana a shagonka, a wurinsa kun gama magana, ya ma fara neman hular da za ta dace da ita. Haka nan "bari mu gani", ko a ce "in sha Allahu" alhali zuciya ta riga ta san ba za a yi ba. Ni ban ga tarbiyya a cikin wannan ba, ɗage rigima ne kawai zuwa ranar da ta fi muni. Alkawari kaya ne, kuma hadisi ya lissafa saɓa shi cikin alamomi 3 na munafuki.

Abin da za ka faɗa gajere ne: "Alhaji, ka yi haƙuri, na rufe. In na karɓa zan ba ka kunya ranar Idi." Shi ke nan. Kada ka ƙirƙiro dalili. In ka ce keke ne ya lalace, zai ce ai yana jira a gyara. In ka ce babu fetur a janareta, zai zaro kuɗi. Duk uzurin da ka kawo, ƙofa ka buɗe masa.

Sai masu cewa za su ninka kuɗin aiki. Nan ne da yawa ke faɗuwa. Ka tuna babu gurbin da za ka ba shi sai na wani, kuma yawanci na malamin makarantar nan ne da ya kawo yadin 'ya'yansa tun watan Sha'aban, ya biya kafin alƙalami.

'Yan'uwa lamarinsu daban ne, don ba a nuna wa kawu kwali. Dabarata ita ce in ware musu gurbi tun kafin in buɗe wa jama'a, in bi su gida kafin a ga wata: "Kawu, in akwai ɗinki a ba ni yanzu, in an sha ruwa 10 ba zan iya ba." Wanda duk da haka ya makara, sai in fito daga bayan keke, in rusuna in gaishe shi sosai, in gaya masa gaskiya, sannan in ba shi mafita. Ko in haɗa shi da wani tela da na yarda da hannunsa, ko in ce a bar kayan zuwa Babbar Sallah, tun da tsakaninsu kamar wata 2 da kwana 10 ne. Zai ɗan ɓata rai. A bar shi ya ɓata, ba aikinka ba ne ka lallashe shi da alkawarin da ba za ka cika ba.

Akwai kuma mai naci, wanda zai dawo gobe, ya turo abokinka, ya kira ka ana sahur. Shi wannan ba sabon bayani yake buƙata ba. Maimaita masa maganar jiya da fuska a sake, ba ƙari ba ragi, don kunyar mara kunya asara ce. Waya kuma ka sa mata lokaci, ka gaya wa kowa bayan tarawihi ba ka ɗagawa. Mai son sanin inda kayansa suka kwana ya turo saƙon WhatsApp, za a ba shi amsa da safe in an buɗe shago.