Yadda Ake Tashi Daga Gidan Haya A Ƙasar Waje A Kamo Hanyar Zariya Da Ƙaramin Guzuri

Duk wanda ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje daga Samaru ko Kongo ko Gyallesu, ba ya rasa masu ba shi shawarar tafiya, domin a Zariya akwai malamai da yawa da suka yi Maleshiya da Masar da Indiya da Turkiyya da Birtaniya, kuma kowannensu yana da abin da zai faɗa a kan neman biza da kama ɗaki da maganin sanyi. Abin da ba a cika yin bayaninsa ba shi ne dawowa, alhali ita ce ta fi zuwa wa mutum a lokacin da aljihu ya yi sanyi: kuɗin tallafin karatu ya ƙare ko ya kusa, an kashe abin da ya rage wajen gyara kundin digiri da ɗaure shi, ga iyali, ga kayan shekara uku ko huɗu a jibge a ɗaki. Baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta sa hannu a yarjejeniyar haya ba ta tashi haka kawai. Zan kafa misalaina da Maleshiya saboda can na zauna, sai dai tsarin kusan ɗaya ne a yawancin ƙasashen da mutanenmu suke zuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da sayen tikiti don an ga farashi ya faɗi. Bai kamata ka biya kuɗin jirgi ba sai ka san amsar tambayoyi uku: yaushe fasfonka zai dawo hannunka daga hukumar shige da fice, yaushe wa'adin hayarka zai cika, kuma kilo nawa za ka ɗauka. Wanda ya fara neman waɗannan amsoshi wata uku kafin tafiya yana cikin sarari, wanda kuwa ya bari sai saura mako biyu, duk abin da ya rage a farashin tikiti zai biya shi a wani wuri.

Ka fara da ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka. A Maleshiya, izinin zama na ɗalibta ba a barinsa a buɗe a tafi. Makaranta ce take miƙa fasfo ga hukuma a soke izinin ko a taƙaita shi zuwa ranar fita, kuma yawanci sukan nemi kwafin tikiti a haɗa da takardun. Saboda haka ka fara tambayar su kwana nawa aikin yake ɗauka, ka ƙara mako guda a kan abin da suka faɗa, sannan ka sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa ko da ya ɗan fi tsada. Ka duba kuma cewa fasfonka yana da aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, domin ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, ba sa barin mutum ya shiga da ƙasa da haka. Idan an yi maka haihuwa a can, takardar haihuwar jariri da fasfonsa daga ofishin jakadancin Najeriya su ne abu na farko da za ka bi, tun kafin maganar naka digirin, saboda su ne suka fi jan lokaci. Takardar shaidar digiri da ta sakamako kuwa, ka kai a buga musu hatimin tantancewa a ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da kuma ofishin jakadancinmu tun kana can. Wanda ya dawo ba tare da wannan ba, ranar da ya je Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja neman a auna darajar takardarsa, ko ya tashi rajistar bautar ƙasa idan digirin farko ne ya gama bai kai shekara 30 ba, zai iya samun kansa yana roƙon wani aboki da ya bari a can ya yi masa zirga-zirga.

Sai maganar gida, wadda a ganina nan ne kuɗi ya fi salwanta. A Maleshiya an saba karɓar kuɗin ajiya na hayar wata biyu, da wani ƙari na rabin wata ko wata guda saboda wuta da ruwa, kuma wannan kuɗi sau da yawa yakan isa tikitin mutum guda. Ka ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka karanta sashen da ya yi maganar notis, domin wasu wata guda suke nema wasu kuma wata biyu, sannan ka aika wa mai gidan sanarwar a rubuce, da kwanan wata, ba a baki ba. Kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa ba za ka biya hayar watan ƙarshe ba a cire a cikin ajiya, sai in mai gidan ya amince a rubuce, don yawancin yarjejeniyoyi sun hana haka. Ka gyara ƙananan abubuwa da kanka: ƙwan fitila da ya mutu, famfon da yake ɗiga, bangon da yara suka zana, na'urar sanyaya ɗaki da ba a wanke ba. Abin da za ka gyara da ringit 50 na kuɗin Maleshiya, idan ka bar wa mai gida zai iya rubuta maka shi ninki uku, kuma ba ka da bakin musu kana filin jirgi.

Ni kaina na yi wannan wautar. Na miƙa makulli da la'asar, jirgina kuma da tsakar dare, mai gidan ya ce zai duba ya turo mini kuɗina. Abin da ya iso bayan wata biyu bai kai rabi ba, tare da dogon lissafin fenti da labule, ni kuwa ina Hanwa ina kallon waya. Abin da ya dace shi ne ka bar gidan mako guda ko kwana goma kafin tashinka, ka raɓa wurin wani ɗan'uwa ɗalibi, ka sa mai gida ko wakilinsa ya zo ku zagaya ɗaki-ɗaki tare, ka ɗauki hoton ko'ina da na mitar wuta da ta ruwa, ku rubuta abin da za a cire ku sa hannu. Ka tuna da intanet ɗin gida, wanda galibi kwangilar shekara biyu ce mai tara ga wanda ya yanke kafin lokaci; idan akwai sabon ɗalibi da zai gaji ɗakin, a mayar da sunan kansa ya fi sauƙi. Asusun banki da layin waya kuma su ne na ƙarshe da za ka rufe, domin ta nan ajiyar za ta shigo, kuma ta layin ne banki yake turo lambar tabbatarwa.

Kaya sai a kasa su uku: na sayarwa, na kyauta, da na ɗauka. Firji da katifa da injin wanki da tukunyar dafa shinkafa sun fi daraja a lokacin da sababbin ɗalibai suke sauka, wato wajen Satumba da Oktoba ko Fabrairu da Maris, kuma zauren WhatsApp na 'yan Najeriya a jami'arka ya ishe ka kasuwa. Ka sa farashi mai sauƙi ka karɓi kuɗi a hannu, kada ka sayar bashi ga wanda za ka bari a wata nahiya. Mota idan kana da ita, ka tabbata an sauya sunan mai ita a hukumance kafin ka tafi, don kada tarar wani ta riƙa zuwa da sunanka.

Awo shi ne alƙali a kan abin da za a ɗauka. Yawancin jiragen da suke zuwa Najeriya daga nesa suna ba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne a kujerun talakawa, amma wannan yana bin irin tikitin da ka saya, don haka ka karanta abin da aka rubuta a naka. Ka ari ɗan sikelin rataye ka auna a gida. Littattafai su ne maƙiyan malami a nan: ka ɗauki waɗanda ba a samu a intanet, sauran ka bar wa na baya ko ka haɗa da abokai ku aika ta kago a jirgin ruwa, ka saka a ranka cewa zai yi watanni kafin ya iso. Batun tsaraba kuwa, na san ba a shiga Zariya hannu rabbana bayan shekara huɗu, ga iyaye, ga surukai, ga maƙwabta, ga abokan aiki a sashe. Amma ka rubuta sunaye ka ware kuɗi ƙayyadadde, ka zaɓi marasa nauyi irin su gyale da turare da hula da agogo. Babu hikima a biya kuɗin ƙarin kilo a kan yadin da za ka samu irinsa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari da rabin kuɗin.

Idan ka zo kwatanta tikiti, ka yi lissafi har ƙofar gidanka, ba har Najeriya kawai ba. Tikitin Legas yakan bayyana da araha, amma sai ka ƙara jirgin cikin gida wanda kilonsa bai kai na waje ba, ko kwana a hanya da akwatuna. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Zariya tafiyar kimanin kilomita 140 ce, ana iya zuwa a ɗauke ka ko ka yi shatar mota. Daga Abuja kuwa sai ka ratsa Kaduna, ko ta titi ko ta jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, sannan ka nemi mota zuwa Kawo, sannan wata zuwa Kwangila, kuma kowane sauyi yana da kuɗin dako. Jirgin Habasha ta Adis Ababa da na Masar ta Alƙahira sun daɗe suna sauka Kano, saboda haka da su nake fara dubawa. Ka guji makonnin ƙarshen Disamba da goman ƙarshe na azumi da lokacin jigilar alhazai idan kana da zaɓi, kuma ka gwada ranaku daban-daban a cikin mako, domin bambancin kwana biyu yakan sauya farashi sosai.

Akwai wata araha da manhajojin neman tikiti suke nunawa, inda ake haɗa maka jirage biyu na kamfanoni daban a kan tikiti biyu. Araha ba ta ado. A irin wannan, kai za ka fita ka karɓi kayanka a zangon tsakiya ka sake awo, wanda yake nufin sai ka shiga ƙasar, mai fasfon Najeriya kuwa yana buƙatar biza a mafi yawan wurare. Idan jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa da kai. Ƙananan jirage irin su AirAsia kilo 7 kawai suke bari kyauta a hannu, kowane akwati kuma da kuɗinsa. Ko a tikiti guda ma, ɗan Najeriya da zai yada zango a filin jirgin ƙasashen Shengen na Turai ko na Birtaniya yana buƙatar bizar wucewa, sai in yana riƙe da wata takarda da ta ɗauke masa. Idan zangonka ya wuce awa takwas, ka tambayi kamfanin ko yana ba da masauki, domin wasu suna bayarwa ga wanda ya nema.

Da yawa daga cikinmu suna son su ratsa ta Saudiyya su yi umara a hanyar dawowa, kuma tunani ne mai kyau, domin wanda ya taso daga gabas hanyarsa ce, ya fi masa sauƙi a kan ya dawo gida ya sake sayen tikitin zuwa da dawowa. Sharaɗin shi ne ka nemi bizar tun izinin zamanka bai mutu ba, kafin ka miƙa fasfo a soke shi. Tun 2023 akwai bizar yada zango ta awa 96 ga masu tafiya da Saudia ko flynas, sai dai ƙa'idojinta suna sauyawa, don haka ka tabbatar daga kamfanin cewa fasfonka ya cancanta kafin ka biya. Idan Jidda za ka fara sauka da niyyar wucewa Makka, haraminka ya kasance a jakar hannu, domin a sama ake ƙetare miƙati. Idan Madina ka fara, a Zul Hulaifa za ka ɗaura. Jirgin ƙasa na Haramain yana haɗa Makka da Madina cikin kimanin awa biyu da rabi, amma yana da iyaka a kan girman kaya, motocin bas kuma sun fi jinkiri sun fi sauƙin kuɗi kuma sun fi dacewa da mai akwatuna. Masauki yana raguwa da tsada gwargwadon nisansa da Harami, kuma otal-otal da yawa na unguwannin baya suna da motar kai masallata kyauta. Ruwan Zamzam lita 5 ake bari, a cikin kwalin da ake sayarwa a filin jirgi.

A daren ƙarshe, duk abin da ba ya mayuwa ya shiga jakar hannu: fasfo, asalin takardun digiri, kwamfuta, ma'ajiyar da ke ɗauke da kundinka, magunguna, katin rigakafin shawara, da kayan sawa na kwana ɗaya ko da akwati zai makara. Fawa bank ba a sa shi a akwatin awo, ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100 kuma ba ya wucewa a hannu. Ringit ko fam ɗin Masar da ya rage maka ka canza shi zuwa dala tun kana can, a cikin gari ba a filin jirgi ba, domin 'yan canji a gida ba su cika son irin waɗannan kuɗaɗe ba. Wanda kuma yake ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 wajibi ne ya bayyana wa kwastan. Layinka na Najeriya idan ya daɗe a ajiye mai yiwuwa an rufe shi ko an ba wani, kuma da shi bankinka yake haɗe, saboda haka ka sa wanda zai tarbe ka ya zo da 'yan nairori a hannu da wayar da za ka yi kira. Ka zaɓi jirgin da yake sauka da rana, idan kuwa dare ya riske ka a Kano ko Abuja, ka kwana ka kama hanya da safe. Malamin da ya tafi da izinin wurin aiki, ya ajiye kwafin tikiti da guntun katin shiga jirgi da shafin fasfon da aka buga hatimin shigowa, domin zai iya buƙatar su ranar da ya je rubuta takardar komawa bakin aiki.