Yadda zaka zaga duwatsun arewacin Biyetnam a bas da kuɗi kaɗan

In dai kana son ganin ƙauyukan kan duwatsun Biyetnam ba tare da aljihunka ya yi kuka ba, toh bas ɗin da mutanen gari ke hawa shi ne hanya, amma fa sai ka yarda tun daga gida cewa mota ce zata tsara maka tafiya, ba kai zaka tsara mata ba. Zango ɗaya a rana, da sassafe, shi kenan.

Daga Hanoi ake farawa. Tashoshi suna da yawa a birnin amma wadda ta fi shafarka ita ce My Dinh, daga nan motocin Ha Giang da Cao Bang da Lao Cai suke tashi. Ha Giang kusan kilomita 300 ce, awa 6 zuwa 7. Yawancin manyan motocin masu gado ne, a bakin ƙofa kwandasta zai miƙo maka leda ka cire takalmi ka zuba, kuma gadajen gajeru ne wallahi, in kai dogo ne sai dai ka naɗe ƙafa. Ka nemi gadon ƙasa wajen tsakiya, na can baya jijjiga ta yi yawa. Tikiti ka saya a kantar tasha ko ta manhajar Vexere, kar ka biye wa masu tarar mutum a bakin get suna jan jaka.

Da ka isa garin Ha Giang sai labari ya canza, yawancin manyan motoci nan suke ƙarewa, saura ƙananan bas masu bin Quan Ba da Yen Minh zuwa Dong Van ko Meo Vac. Waɗannan ko'ina aka ɗaga hannu tsayawa suke, a loda buhun shinkafa, a loda kaji, a sa ƙaramar kujerar roba a tsakiya wani ya zauna, ga kwana kan kwana a gefen rami, shi ya sa tafiyar kilomita 150 sai ta cinye maka wuni kusan guda. Yawancinsu da safe suke tashi, in rana ta yi nisa ka rasa ta ƙarshe to sai gobe. Abin da ya fi shi ne tun da dare ka sa mai masaukinka ya buga wa direba waya, su sun san juna, har ƙofar gida sai a zo a ɗauke ka. Sunan garin da zaka kuwa ka rubuta a takarda ka nuna, don yarensu na hawa da saukar murya ne, in ka faɗa da baki ba lallai a gane ba. Maganin jiri ka sha shi kafin mota ta tashi, kar ka jira sai ciki ya fara juyawa.

Tsakanin Dong Van da Meo Vac akwai mashigin Ma Pi Leng, kogin Nho Que na can ƙasa kore shar, nan kam ban ga amfanin wucewa a cikin mota ba, gara ka ɗauki ɗan acaɓa ya riƙa tsaya maka, ku gama ciniki kafin ka hau. Yankin gaba ɗaya UNESCO ta sa shi cikin wuraren duwatsu na musamman tun 2010. Kuma iyaka ce da Sin, baƙo yana buƙatar takardar izinin shiga yankin, ka tambayi masauki a Ha Giang su nuna maka yadda ake yi kafin ka hau sama.

Ka daidaita tafiyarka da ranar kasuwa. Dong Van da Meo Vac da Bac Ha duk Lahadi suke ci, Can Cau kuma Asabar (Bac Ha da Can Cau ta ɓangaren Lao Cai suke), ranar ne ƴan ƙabilar Hmong da Dao da Tay ke saukowa da adonsu da dabbobinsu, kuma da rana ta take an fara watsewa, don haka ka kwana a garin tun jajibere.

Kuɗi a hannu, dong wato kuɗin ƙasar, kuma ƙananan takardu, kwandasta ba ya son a ba shi 500,000 ya nemo canji. Ka lura sosai don takardar 500,000 da ta 20,000 launinsu ya yi kama, da daddare sai ka miƙa babba a madadin ƙarama. Ka ciri kuɗi a manyan garuruwa. Layin waya kuwa Viettel ya fi kamawa a duwatsu. Kwana a gidajen mutane masu karɓar baƙi ya fi otal araha, zasu karɓi fasfo su yi maka rajista, doka ce, kar ka tsorata.

Abinci sai ka yi hattara, naman alade ya yi yawa har cikin romo, kuma mai gida zai kawo giyar masara don karramawa, ka yi murmushi ka ƙi a mutunce. Ka riƙe kalmar "an chay" a rubuce, ma'ana kai ganye kawai kake ci, sai ka haɗa da ƙwai da ayaba da burodi a jaka.

Lokaci mafi kyau ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, musamman farkon lokacin in zaka Mu Cang Chai, wani yankin duwatsu daban, don a sannan ne shinkafar kan tudu take nuna. Damina daga Mayu zuwa Satumba ƙasa tana zaftarewa ta toshe hanya, kamar yadda guguwar Yagi ta yi ɓarna a Satumban 2024. Disamba da Janairu sanyi ne mai shiga ƙashi, sai da rigar sanyi mai kauri. Makon bikin Tet, wato sabuwar shekararsu, kuma ka haƙura kawai, kafin bikin motoci a cike suke, ranakun bikin kuma da yawa ba sa fitowa.