Yadda Ake Gane Aikin da Aka Ƙera Tsohuwar Battar Azurfa Dominsa

A gidaje da dama na Garwa, Marwa da Njamena, idan an zo rabon gado akan tsinci 'yar battar azurfa a ƙasan adudu ko a aljihun tsohuwar riga. Wani ya ce ta taba ce, wata ta ce ta turare ce, don ta sha ganin Hajiya tana ajiye jiɓda a ciki. Kowa na iya yin gaskiya kan abin da aka zuba mata daga baya, amma aikin da maƙeri ya yi ta dominsa a jikinta yake, musamman daga ciki.

Na farko, kada ka wanke ta. Mutanenmu da sun ga baƙin azurfa sai su ɗauko toka da lemun tsami. Gogar toka tana cinye tambari, tana kuma kankare ruwan zinaren ciki. Buɗe ta, ka sunsuna, ka duba abin da ya maƙale a lunguna, sannan ka ɗauki hotuna da waya a hasken rana.

Na biyu, tabbatar azurfa ce. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma tagulla ma ba ya kama ta, don haka wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba. Azurfa baƙi take yi in ta daɗe, tagulla kuwa kore. Idan gefen da hannu ya cinye ya fito da ja ko rawaya, ruwan azurfa aka shafa. Haruffan EPNS ma haka suke nufi.

Na uku, nemi tambari. Duba gindi, bakin murfi da cikinsa, ka jawo hoton da kyamarar waya, don wani tambarin bai kai ƙwayar dawa ba. Jinjirin wata da kambi, tare da lamba 800 ko 835, alamar Jamus ce tun 1888. Ba abin mamaki ba ne a same ta a nan, tunda Jamusawa sun kama Garwa a 1901, ba su bar dutsen Mora ba sai 1916. Kan mace mai hular kwano tambarin Faransa ne tun 1838. A ƙananan kaya kuwa sukan buga kan aladen daji in a Paris aka tantance, ko ƙaguwa in a wani gari ne. Zaki mai tafiya na Ingila ne, ƙugiyar jirgin ruwa tana nuna Birmingham, kuma harafi guda da ke gefensu shi ne shekarar.

In babu tambari ko ɗaya, kada ka raina ta. Maƙeranmu na farfaru ba sa bugawa, kuma da yawa tsabar kuɗin azurfa na sarauniya Mariya Tareza masu ɗauke da shekarar 1780 suke narkawa su yi aiki.

Na huɗu, karanta cikin. Nan ne amsar take. Idan ka ɗaga murfi ka tarar da wani murfin na biyu mai huji-huji, ga ruwan zinare ko'ina, to ba ta taba ba ce. Turawan ƙarni na 18 da na 19 suna sa ɗan soso jiƙaƙƙe da ruwan khal mai ƙamshi a ƙarƙashin ragar, su riƙa shaƙa don warin titi ko in jiri ya ɗebi mutum. Zinaren kuwa ba don ado aka sa shi ba, don kada tsamin ya ci azurfar ne.

Shafa gindin daga waje. In akwai tsiri mai ƙaiƙayi kamar zarto, murfin yana tashi da ƙarfi daga sama, ga ƙaramar zobe a gefe, gidan ashana ne. A tsirin ake ƙyastawa, zoben kuma na sarƙar agogon aljihu ne. A ganina wannan ce aka fi yi wa gurguwar fahimta a wajenmu, saboda tsofaffi sun mayar da ita battar taba da kanwa, har warin ya kama ta.

Battar garin taba ta ainihi faffaɗa ce, yatsa biyu za su shiga su tsinko. Murfinta yana rufuwa gam yadda iska ba za ta busar da garin ba, mahaɗinsa kuma a shafe yake don kada ya kama aljihu. Madubi a cikin murfi, ta hoda ce. Ɗakuna masu gangara, na kan sarkin manna wa wasiƙa ne, don a zaro shi da yatsa. 'Yar kewayayya marar komai ciki, galibi ta ƙwayar magani ce, sai in tana da gicciye ko haruffan IHS, to wannan limaman Katolika ke kai wa marasa lafiya gurasar ibada a ciki. Kwalli kuma cire shi daga lissafi: shi wuya siriri da tsinke yake so, kamar tandu.

Na biyar, duba kunnuwa. Batta mai madaukai biyu ko uku a sama, wadda murfinta ke zamewa ko aka liƙe ta gaba ɗaya, gidan laya ce, ko ta ƙaramin Alƙur'ani in tana da kauri. Girgiza ta kusa da kunne. In ka ji motsin takarda, kada ka fasa. Liƙin na cikin aikin, kuma malam ya fi maƙeri sanin yadda za a yi da abin da ke ciki.

Daga nan sai ka kai wa maƙerin azurfa ya auna maka nauyinta, kana tsaye a wurin. Ka gaya masa tun farko kada ya sa mata magagari ko ruwan gwaji a fuska. Kuɗin da zai faɗa maka na giram ne, wato na narkawa, kuma batta mai tambari da raga lafiyayyu takan fi haka daraja a wajen masu tara kayan tarihi.