Idan aka tura ka hutun dole daga tuƙin jirgin ƙasa, ga yadda za ka riƙe gurbinka

Rannan a majalisarmu ta Agege, dab da tashar Red Line, jirgin ƙasan cikin Legas, wani ƙanenmu mai burin tuƙa jirgi yake tambayata wai da gaske a Amurka ana cewa direban jirgi ya koma gida ba albashi? Nace masa ƙwarai kuwa. Ba kora bane, hutun dole ne, sunanka na nan a littafi sai dai kuɗi ne babu. Yana faruwa in fasinja sun ragu ko kuɗin gwamnati ya tsaya. A 2020 lokacin korona jiragen da ke kai ma'aikata cikin birni da safe su dawo da su da yamma sun riƙa tafiya kusan wayam, Amtrak ma, kamfanin jirgin fasinja mai dogon zango na Amurka, sai da ta tura ma'aikata kusan 2,000 gida, a 2021 da tallafi ya fito aka fara kiransu.

To mu nan tunda Blue Line ta fara a 2023, Red Line a 2024, yaranmu na shiga aikin, gara su sani tun yanzu.

Abu na farko dan Allah, kar ka ajiye aiki don fushi. A harkar jirgi shekarunka a layi su ne dukiyarka, wanda ya shigo ƙarshe shi ake fara sallama, wanda ya fi daɗewa shi ake fara kira, kuma ko a dokar ƙwadago ta Najeriya sashe na 20 haka tsarin rage ma'aikata yake, tare da sanar da ƙungiyar ma'aikata. Ka rubuta takardar barin aiki ranar da ranka ya ɓaci, shikenan ka koma bayan yaron da kai ka koya masa birki. Ka nemi a baka takarda mai kwanan wata da ta nuna na wucin gadi ne, ka ɗauki hotonta a waya, asalin kuma ka sa a leda cikin akwati saboda kun san ruwan Legas baya sallama kafin ya shigo ɗaki.

Sai adireshi da lambar waya, nan ne mutane ke asara wallahi. Ɗan yayata da ke tuƙi a Amurka ya tashi daga gidan haya bai sanar da ofis ba, wasiƙar kira ta tafi tsohon gida ta kwanta, saura ƙiris kwanakin amsawa su ƙare wani abokin aikinsa ya buga masa waya. Har yau in ya tuna sai muryarsa ta canza. Ka canza layi ko ka tafi gida Arewa, sanar da ofis da ƙungiya a rubuce.

Maganar kuɗi kuma kowa da ƙasarsa. A Amurka ma'aikatan jirgi suna da hukumarsu daban, RRB, ita ke biyan kuɗin rashin aiki, a nema cikin kwana 30. Mu nan babu irin wannan. Kashi 25 cikin ɗari na asusun fansho da ake cewa ana iya cira sai wanda ya rabu da aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, don haka kar ka gina lissafinka a kansa kana hutun dole, je ka zauna da wakilin ƙungiya ya karanta maka yarjejeniyarku layi layi.

Ka kula da takardar shaidar tuƙi. A Amurka duk wata 36 ake sabunta ta, da gwajin ido da kunne, kai ma duba ranar ƙarewar taka, ka riƙa bitar littafin ƙa'idoji da sigina ko sau ɗaya a sati, kai yana mantuwa in hannu ya daɗe bai taɓa ba.

Nema kuwa dole ne, iyali ba za su ci jira ba. Amma ka nemi wanda za ka iya ajiyewa cikin kwana biyu, taya wani tsaron shago ko harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Kar ka ɗauki mashin bashi, tun 2022 an hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu wuraren, a kama shi a bar ka da bashi. Kuma duk gajiyar da za ka yi kar ka kusanci tramol, ranar da aka kira ka asibiti za ka fara zuwa kafin ka hau inji.