Ka sayi sabon jirgin moter? Ga yadda za ka haɗa mishi kaya kafin ya taɓa kogin Isa

Jirgin shaƙatawa in ya iso Yamai a bayan tirela sau da yawa gangar jiki ce kawai da kujeru, moter ɗin ma yana cikin kwalinshi daban, sauran aikin duk naka ne, bolan da akwatin bites da batir da fitilu da antan. Toh a nan ne mutane ke yin gaggawa, kowa so yake ranar Lahadi mai zuwa ya ɗebi iyali a tafi Bubon, sai a kira elektrisiyen ɗin mota a ce mishi haɗa muna ya kama kawai. Dan Allah ɗan uwa kar ka yi haka. Kayan jirgi akasari don teku aka ƙera su, mu kuma namu ruwan ba gishiri amma akwai yashi, akwai rana, akwai ƙurar hunturu, ga kwale-kwale da tarun masunta ko'ina, waɗannan su za ka sa a rai a duk ramin da za ka huda.

Kafin ka ɗauki injin huda ka shiga cikin jirgin yana kan tirela ka zauna inda za ka riƙa tuƙi, ka riƙe alli. Hannun damanka inda ya sauka ba tare da ka miƙe ba, nan ne wurin akwatin bites. Ka tura hannun gaba har ƙarshe ka jawo baya har ƙarshe ka gani ko zai bugi bolan ko kujera. Ka tashi tsaye ma ka gwada don a kogi sau da yawa a tsaye za ka yi tuƙi kana duban ruwa. Sai ka leƙa bayan kowane wurin da ka sa alama ka tabbata ba tiyon esans ko wani ƙarfe a ɓoye. Duk ramin da aka huda a sa mishi mastik na jirgi irin su Sikaflex 291, silikon ɗin gida na wanka baya riƙewa a ƙarƙashin ruwa, kuma bulo da kusa duk su zama na inoks.

Moter ɗin kanshi ka auna tsawon ƙafarshi da bangon bayan jirgin. Gajere wajen santimita 38 ne, dogo 51. Farantin nan da ke saman farfela ya kamata ya zo daidai da ƙasan jirgin, in ya yi sama farfela na shan iska ka ji moter na ihu jirgi baya tafiya, in ya yi ƙasa sosai kana ƙona esans a banza kuma kai ne na farko da zai daki yashi in ruwa ya janye daga Afrilu zuwa Yuni.

Akwatin bites kabul biyu ke fita daga cikinshi, ɗaya na gudu ɗaya na sa gaba da baya. Yadda ake auna su, ka bi da mita daga akwatin ta gefen jirgi har bango na baya, sannan ka juya zuwa tsakiyar moter, sai ka ƙara kamar mita ɗaya da santi ashirin don ya yi lanƙwasa a gaban moter, saboda moter na juyawa hagu da dama kuma ana ɗaga shi. Wanga ƙarin kar ka yi rowarshi. Kuma ko'ina kabul ɗin zai karya kwana, kwanar ta zama mai faɗi, kar ta matse ƙasa da santimita 20, in ka matse shi yau zai yi aiki amma bayan 'yan watanni hannun zai yi tauri sai ka sa ƙarfi, kuma mai tauri shi ke sa mutum ya zo bakin gaɓa yana son ya rage sai jirgin ya zabura. Lokacin ɗaurawa hannun akwatin na tsakiya, ba gaba ba baya, bites ɗin moter ma na tsakiya, sannan a daidaita kan kabul ɗin ya shiga da kanshi ba a ja ba a tura. In an gama ka sa bites ka murɗa kontak, bai kamata ya tashi ba. In ya tashi toh makunnin tsaron da ke hana moter tashi da bites ba a jona shi ba, a kwance a sake.

Bolan kuma na kabul ya ishe ka in moter ɗinka irin doki 40 ne ko 60, na idrolik mai aiki da mai sai manyan moter daga doki 150 zuwa sama. Sandar da ke shiga bututun moter ka shafa mata giris na ruwa, kuma ka riƙa zare ta kana wankewa lokaci lokaci don ƙura da giris in sun haɗu suna daskarewa su kama bolan.

Abin da na fi damuwa da shi duk cikin kayan tuƙi shi ne 'yar igiyar nan ja mai murɗe-murɗe, wadda ake ɗaura wa a hannu ko a jile, in ka faɗa ruwa ta fizge moter ya mutu. Wallahi ina ganin mutane sun naɗe ta a jikin kontak kamar ado. Jirgin da direba ya faɗo moter na aiki yakan koma yana zagaye a wuri ɗaya, kuma mutumin da ke cikin ruwan yana tsakiyar zagayen, ga farfela. Ka ɗaura ta duk lokacin da moter ke aiki, ka gwada ta kafin kowace fita, ka aje ta biyu a cikin jirgi ka nuna wa madam ko babban ɗanka inda take, don in ka faɗa da ta farkon su iya tada moter su dawo su ɗauke ka.

Yanzu wuta, kuma nan za mu daɗe don fitila da radiyo da fanfon kwashe ruwa duk a kanta suke rataye. Da farko ka binciki moter ɗinka ko yana cajin batir. Wasu Yamaha Enduro da ake ja da igiya basu da abin caji sai an ƙara musu, in ba ka sani ba za ka yi ta kunna fitila har batir ya mutu a tsakiyar kogi. Batir a sa shi cikin akwatinshi a ɗaure da bel, a inuwa, inda iska ke shiga, kuma ba ɗaki ɗaya da bidon ɗin esans ba, tururin esans da tartsatsin kos ba sa zama wuri ɗaya, balle a zafin Afrilu da Mayu da muke wuce digiri 40. Daga kan jan kos babban fizibil ya zo nan kusa, cikin santimita 18, sai makunni babba na yanke wuta duka, sai waya ta tafi tablo, a can kowane abu da fizibil ɗinshi. Fizibil waya yake karewa kar ta kama wuta, saboda haka girmanshi da kaurin wayar ake dubawa, kuma maganar naɗa zaren waya a madadin fizibil da ake yi a mota a bar ta a tasha.

Waya ta zama mai silli-silli mai laushi, in ka samu wadda aka shafe da kuza ita ce ta jirgi. Wayar gini mai sanda ɗaya girgiza na karya ta. Ga fitilun LED waya mai kaurin 1.5 mm² ta isa, fanfo ka ba shi 2.5 ko fiye in nisan da yawa, kuma nisan ana lissafa shi zuwa da dawowa ne don a jirgin fiba ba mas a jiki kamar mota, kowane abu sai an ja mishi baƙar waya ta koma batir. Fitilun hanya da radiyo kar wutar da ke ɓacewa a waya ta wuce kashi 3 cikin ɗari, a batir mai volt 12 kaga bai kai rabin volt ba kenan. Haɗi kuma da kos a matse da filaya, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, ban da murɗawa a naɗe da salatif, zafinmu na narka gam ɗin cikin wata guda. A kasuwar Katako za ka samu kos da fizibil da tablo, wayar kuza da robar tsukewa ne gara ka yi odarsu tare da jirgin. A bi da wayoyin ta sama ƙarƙashin leɓen jirgi nesa da ruwan da ke taruwa a ƙasa, a ɗaure da baƙin kolye don farin rana na cinye shi. Fanfon kwashe ruwa mai tashi da kanshi shi kaɗai za a jona kai tsaye a batir da nashi fizibil, saboda in ka bar jirgi a ruwa aka yi ruwan Agusta da dare yana buƙatar wuta ko ka kashe babban makunni.

Fitilun hanya tsarinsu ɗaya ne a duniya tun dokar hana karo ta 1972. In kana zaune kana duban gaba, ja a hagu, kore a dama, kowace tana haska digiri 112.5 daga hancin jirgi zuwa ɗan bayan kafaɗa. Jirgin da bai kai mita 12 ba an yarda ya sa fara guda mai haska ko'ina a kan sanda, ta ɗara ja da koren da aƙalla mita ɗaya, ana hango ta daga mil biyu na ruwa, wajen kilomita 3.7 kenan, na gefen kuma mil ɗaya. Ka ɗaura na gefe su miƙe da tsakiyar jirgin, in ka bi lanƙwasar hanci za su karkace wanda ke gabanka ya ga ja da kore a inda bai kamata ba. Farar kuma ta wuce rumfa da kawunan mutane, kuma ka sa mata ɗan faranti a ƙasa kar ta haske maka ido. Makunninsu mai hawa biyu ne, ɗaya duka uku in kana tafiya, ɗaya farar kaɗai in ka tsaya.

Fitilun ado masu shuɗi da ja da ke walƙiya a gefen jirgi ni bana son su ko kaɗan, suna ɓata ma'anar ja da kore kuma suna kashe maka ganin dare. Ka tuna waɗanda za ka haɗu da su da magariba tsakanin gadar Kennedy da gadar Seyni Kountché, masu kwale-kwale ne da suka ɗauko kabewa ko mutanen Harobanda, yawancinsu ba fitila sai ta waya. Su za su gan ka in naka na ci, kai ba za ka gan su ba sai kun yi kusa. Don haka ka riƙe babbar tocila ta hannu, ka haska ka kashe, ka duba taru da tudun yashi da kan dorina in ka yi sama wajen Bubon, kar ka dalle ta a fuskar mai tuƙa kwale-kwale, kuma ka rage gudu tun daga nesa don igiyar ruwan da kake tadawa ta isa ta cika jirgin da ya yi lodi har baki.

Antan. Radiyon jirgi na VHF yana aiki tsakanin megahaz 156 da 162, tasha ta 16 ita ce ta kira da neman agaji. Muryar a miƙe take tafiya, saboda haka yadda antan ya yi sama daga ruwa ya fi ƙarfin radiyon muhimmanci. Jirgi biyu kowane da antan a mita 2 daga ruwa, a fili za su ji juna har kilomita 11 zuwa 12, a koginmu mai kwana da itatuwa da tudun gaɓa ka rage. Ƙaramin jirgi mai rawa a ruwa gajeren antan mai 3 dB (ma'aunin yadda antan ke tattara sigina ke nan) ya fi mishi, dogon nan mai mita 2.4 siginar shi siririya ce, jirgi na karkata sai magana ta riƙa yankewa. A tsaye cak za a kafa shi, a kan gindi mai kwantawa saboda rassa da tirela, nesa da ƙarfen rumfa, kuma aƙalla mita ɗaya daga antan ɗin GPS. Kabul ɗin antan ɗin radiyon mai 50 ohm ne, na talabijin 75 ne baya yi ko da ya shiga. Kar ka haɗa shi dami ɗaya da wayoyin moter, kuma inda zai shiga jiki ka bar shi ya ɗan sauka ƙasa ya hau don ruwa ya ɗiga a waje. Kar ka danna magana antan bai jone ba, radiyon na iya ƙonewa. In an gama ka buɗe radiyon har ya fara shuuu sannan ka kunna fitilun LED, in ƙarar ta canza toh fitilun na damun shi, wasu masu araha haka suke, ka nisanta su ko ka canza.

Amma gaskiya radiyo sai da wanda zai amsa. In kuna da abokai masu jirgi ko wani a gaɓa mai na hannu ya yi amfani, in babu, wayarka a cikin jakar roba mai hana ruwa da wurin caji a tablo sun fi maka. Kuma kafin ka saya ka je ARCEP, hukumar kula da sadarwa, ka tambayi takardar izini, a halin tsaron da muke ciki radiyo mai antan ba takarda matsala ce za ka jawo wa kanka a banza.

Na'urar auna zurfi ita kam ina ba da shawara, don tudun yashi na canza wuri daga shekara zuwa shekara kuma ruwan damina ja ne baka ganin komai. Idonta, wato ɗan abin da ke cikin ruwa yana auna zurfin, a bangon baya gefen dama, daidai da ƙasan jirgi, ɗan nesa da farfela inda ba kumfa.

Ranar gwaji ka je da safe da bakanikenka, kowa da jile, ba yara. Tun jirgin na kan tirela ƙafar moter a ruwa ka tada shi ka ga yana fitar da siririn ruwan sanyaya, ka sa gaba ka sa baya, ka juya bolan ƙarshe zuwa ƙarshe wani na kallon kabul ɗin ko suna ja, ka fizge jar igiya. Bayan awa ɗaya a ruwa ku dawo ku taɓa kowane kos ku ji ko ya yi zafi, ku sake ɗaure bulon moter, sannan ka jira magariba ka kunna fitilu ka sauka ka zagaya jirgin da ƙafa daga nesa, daga gaba ka ga ja da kore tare, daga baya fara kaɗai.