Kurakuran Masu Neman Haƙƙinsu, da Yadda Billie Jean King Ta Tsallake Su

Duk wanda ya san tarihin wasan tanis na mata ya san Billie Jean King, 'yar Amurkar da aka haifa a Long Beach ta jihar Kalifoniya a 1943. Ta ci manyan kofuna 39, ashirin daga ciki a Wimbledon, babbar gasar tanis ta Landan. Amma abin da ya fi kofunan amfani ga mai karatu shi ne yadda ta ƙwato wa mata 'yan wasa haƙƙinsu a lokacin da ake ba su ragowar abin da maza suka ci. Mutane da yawa suna jin an tauye su a wurin aiki ko sana'a, su tashi da zafi, su koma da sanyin gwiwa. Yawanci kurakuran iri ɗaya ne, kuma kusan kowanne akwai inda wannan mata ta kauce masa.

Na farko ba ya buƙatar dogon bayani: jiran sai kayan aiki sun cika. Mahaifinta ma'aikacin kashe gobara ne, tanis kuwa a lokacin wasan 'ya'yan masu hali ne. Da 'yan aikace-aikace ta tara kimanin dala 8 ta sayi raket ɗinta na farko, ta koyi wasan a filayen gwamnati inda ake koyarwa kyauta. Gyaran a nan shi ne ka fara da abin da ke hannunka.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne yin ƙorafi kai kaɗai. A 1968, shekarar farko da aka fara ba da kuɗi a Wimbledon, Billie Jean ta ci kofin mata aka ba ta fam 750, Rod Laver ya ci na maza ya karɓi fam 2,000. A 1970 abin ya ƙara lalacewa. Wata gasa a Los Angeles da Jack Kramer ke shiryawa ta sa wa zakaran maza dala 12,500, zakarar mata dala 1,500. Da ta tsaya tana faɗa a jaridu ita kaɗai, da an ce mata ce mai tsiwa, an wuce wurin. Sai ta haɗa kai da wasu 'yan wasa takwas, su tara ke nan, bakwai Amurkawa, biyu 'yan Ostireliya. A watan Satumba na 1970, a birnin Houston, suka sa hannu a kwantiragin dala ɗaya-ɗaya da Gladys Heldman, mai mujallar World Tennis, suka buga tasu gasar, alhali hukumar tanis ta Amurka tana yi musu barazanar dakatarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum guda ana iya korarsa da takarda ɗaya, amma tara daga cikin fitattun 'yan wasa sai an yi tunani.

Haka ta sake yi a watan Yunin 1973, 'yan kwanaki kafin Wimbledon. Ta tara 'yan wasa mata kusan 60 a otal ɗin Gloucester da ke Landan, ta sa Betty Stöve, doguwar 'yar wasan Holan, ta tsare ƙofa kada kowa ya fita sai an cimma matsaya. Daga ɗakin nan aka fito da WTA, ƙungiyar mata 'yan wasan tanis. Wanda ya taɓa kiran taron abokan aiki ya san amfanin mai tsaron ƙofar nan, don da an zo wurin sa hannu kowa sai ya tuna yana da uzuri.

Kuskure na gaba ɗan'uwan wancan ne: zuwa wurin shugaba da kuka zalla, babu mafita a aljihu. A 1972 ta ci gasar US Open aka ba ta dala 10,000, zakaran maza Ilie Năstase ya karɓi 25,000. Ta ce idan ba a daidaita ba, ba za ta dawo baɗi ba. Mutane sukan tuna wannan barazanar su manta da ɗaya ɓangaren, wato an samo kamfanin da ya yarda ya cike giɓin kuɗin. Da masu gasar suka ga an toshe musu hanyar cewa "babu kuɗi", a 1973 US Open ta zama ta farko cikin manyan gasa huɗu da ta biya maza da mata daidai. Kafin ka shiga ofishin mai gida, ka san amsar da zai ba ka, ka shiga da maganinta. Sai dai ba kowane kuɗi ne mai tsabta ba. Gasar matan ta farko da kuɗin kamfanin taba sigari ta tsaya da ƙafarta, sunanta ma na sigarin ne, Virginia Slims, kuma an daɗe ana sukar ta a kan haka. A ganina sukar tana da tushe.

Sai kuma amsa kowace gayyatar faɗa. Bobby Riggs, tsohon zakaran Wimbledon na 1939, yana da shekara 55 ya dinga cika baki cewa ko a tsufansa babu macen da za ta iya da shi. Billie Jean ya fara nema, ta ƙi. Ta san idan ta ci za a ce tsoho ta doke, idan ta faɗi gasar matan da ake renon ta ce za ta sha kunya. Margaret Court, wadda ke kan gaba a duniya a lokacin, ita ta amsa. Ta ɗauki abin kamar wasan nishaɗi, a watan Mayun 1973 Riggs ya lallasa ta da 6-2, 6-1. Daga nan lissafi ya canja, ƙin amsawa ya zama shi ne asarar, sai Billie Jean ta yarda.

Abin lura shi ne shirin da ta yi. Riggs ya ci Court da ƙwallaye masu laushi da waɗanda yake ɗagawa sama, don haka ta zauna tana atisayen dukan irin waɗannan ƙwallayen. Ta kuma rage salon da aka san ta da shi na rugawa gaban raga. Ranar 20 ga Satumba 1973, a filin Astrodome na Houston, gaban mutum 30,472 da miliyoyin masu kallo ta talabijin, ta riƙa jefa ƙwallo kusurwa zuwa kusurwa tana sa dattijon gudu har numfashinsa ya ƙare. Ta ci 6-4, 6-3, 6-3, tana da shekara 29. Kurakurai biyu ta kauce wa a dare ɗaya: rena abokin karawa, da nacewa kan dabarar da ka saba don kawai ita ta kai ka inda kake. Ita ce mai cewa matsin lamba gata ne, kuma ana yawan ɗauko maganar a rubuta a bango, a bar atisayen da ya sa ta iya faɗin ta.

Na ƙarshe shi ne zaton cewa nasara ɗaya ta gama aiki. Bayan US Open ta daidaita kuɗi a 1973, Wimbledon ba ta bi sahu ba sai 2007, shekara 34 ke nan. A lokacin Billie Jean ta daɗe da ajiye raket, kuma Venus Williams ce ta tsaya a gaba ta matsa wa masu gasar. A shekarar Venus ta ci kofin, aka ba ta daidai abin da aka ba zakaran maza, Roger Federer.